Tsallakar da Shela Tsakanin Sabnet: Wace Hanya Ce Ta Dace da Suwic Ɗinka?

Ranar da aka raba cibiyar kwamfutocin wata makarantar sakandare gida uku, ofis a VLAN 10, ɗakin kwamfuta a VLAN 20, kyamarori a VLAN 30 (VLAN sashe ne da aka killace a cikin suwic, kowanne da sabnet ɗinsa, wato rukunin adireshinsa), komai ya yi tsaf a takarda. Washegari da sassafe malamin ɗakin kwamfuta ya kira ni: "Malam, don Allah ka zo ka gani, ko ɗaya ba ta hawa intanet." Na zauna gaban ta farko na buga ipconfig, sai ga adireshi mai farawa da 169.254. Ta biyu haka, ta uku haka. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san abin da lambar ke nufi: kwamfuta ta yi kira tana neman adireshi, ba wanda ya amsa, sai ta ba wa kanta. Sabar DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, tana ofis, lafiyarta ƙalau. Kiran ne bai isa gare ta ba, domin kiran neman adireshi shela ne, wato saƙon da ake aika wa kowa, shela kuwa a bakin sabnet take tsayawa.

Da gangan aka ƙera abin a haka. Saƙon da aka aika zuwa 255.255.255.255 kamar mai shela ne a cikin unguwa: kowa a unguwar zai ji, ko da shi ake ko ba da shi ba, amma muryar ba ta kai wa unguwar gaba. Rauta, wato na'urar da ke kai saƙo daga wannan sabnet zuwa wancan, ko suwic mai aikin rauta wanda ake kira L3, shi ne iyakar unguwar. Idan suwic ɗinka na L2 ne kawai, wato marar aikin rauta, babu wani saiti a cikinsa da zai ɗauki saƙo daga wannan sabnet ya kai wancan. Sai ka koma kan rauta ko katangar tsaron da ke riƙe da adireshin mashigar kowane VLAN. A can ake wannan aiki.

Kafin zaɓi, gano wane saƙo ne ke son tsallakawa

Mafi yawan masu neman "buɗe shela tsakanin sabnet" saƙo ɗaya tak suke buƙata ya wuce, a kan lambar tasha ɗaya (port, lambar da ke nuna aikin da saƙon ya zo yi), zuwa wuri ɗaya. Ka kunna Wireshark, manhajar kallon saƙonnin da ke wucewa a cibiya, a kwamfutar da ke cikin sabnet ɗin mai kira, ka danna abin da ya ƙi aiki, ka duba adireshin da saƙon ya nufa da lambar tashar UDP ɗinsa. Minti biyar ne, amma shi ke yanke hukuncin komai.

In ka ga 67 da 68, DHCP ne. In 9 ko 7 ne, saƙon tayar da kwamfuta ne daga nesa, wato Wake-on-LAN. 137 da 138 na NetBIOS ne, tsohuwar hanyar da Windows ke neman sunayen maƙwabta. 47808 na BACnet ne, yaren na'urorin da ke sarrafa sanyi da wutar manyan gine-gine. In kuwa ka ga 224.0.0.251 a tasha 5353, wannan mDNS ne, wanda firinta da talabijin da Chromecast ke amfani da shi don bayyana kansu. Shi saƙon ƙungiya ne, masu sauraro kaɗai yake nufa, kuma duk umarnin shela da za ka rubuta ba zai taɓa shi ba. Na ga mutum ya ɓata yini guda a nan.

Akwai ma lokacin da ba a buƙatar tsallakar da komai. Firintar da ba ta bayyana a jerin kwamfutar ɗalibi, ka ba ta tsayayyen adireshi ka saka ta da hannu, magana ta ƙare.

Ma'aunin da zan bi

Hanyoyi biyar ne, zan auna su da abu huɗu. Kuɗi: ana buƙatar sabon kaya, ko abin da ke cikin akwati ya isa? Ƙarko: bayan an ɗauke wuta an kawo, ko bayan kai ka bar aikin wani ya gaje ka, zai ci gaba da aiki? Sauƙi: layi nawa za a rubuta, kuma in ya ƙi, da wahalar gano dalili? Haɗari: wane ne kuma zai iya bin hanyar da ka buɗe? Wannan na ƙarshe na fi ba nauyi, tunda dalilin raba sabnet tun farko shi ne hana kowa shiga ko'ina.

Hanya ta ɗaya: ɗan aike

A nan suwic ɗin ne ke sauraron shelar, ya ɗauke ta, ya rubuta mata adireshin saba guda, ya kai ta kai-tsaye kamar wasiƙa. A kayan Cisco haka yake:

```
interface Vlan20
 ip address 10.10.20.1 255.255.255.0
 ip helper-address 10.10.10.5
```

Umarnin yana zama ne a ɓangaren masu kira, wato VLAN 20 na ɗalibai, adireshin da ke ciki kuma na sabar ne. Wannan layi ɗaya shi ya gyara matsalar makarantar nan. Idan saƙon na DHCP ne, suwic ɗin yana cusa adireshinsa, 10.10.20.1, a wani gurbi mai suna giaddr, kamar yadda ƙa'idar DHCP ta RFC 2131 ta 1997 ta tsara. Da wannan sabar ke gane daga wace unguwa kiran ya taso, ta ba da adireshi daga rabon da ya dace. Saboda haka abu biyu sun rage a kan sabar: ka buɗe rabon 10.10.20.0/24, ka kuma tabbatar ta san hanyar komawa wannan sabnet. Yawancin "na sa helper amma bai yi ba" ɗayan waɗannan ne aka manta.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, a Cisco wannan umarni ya wuce DHCP. Da ka sa shi, yana kwasar shelar tasha 37, 49, 53, 67, 68, 69, 137 da 138 duk ya kai wa sabar. Na NetBIOS ɗin su suka fi surutu, sabar DHCP kuma ba abin da za ta yi da su. Ka rufe waɗanda ba ka so:

```
no ip forward-protocol udp 137
no ip forward-protocol udp 138
no ip forward-protocol udp 69
```

Ka bar 69 a buɗe in kana ɗora wa kwamfutoci tsarin aiki ta cikin cibiya kuma ka tabbatar ana buƙatarsa. In manhajarka tana shela a wata tasha ta daban, misali mai neman sabar lasisi, ka ƙara lambarta da `ip forward-protocol udp`. Sai dai ka riƙe cewa wannan umarni na suwic ɗin ne gaba ɗaya: tashar da ka buɗe za ta bi kowane helper da ke kan kowane VLAN. A suwic ɗin HP ProCurve da magajinsa Aruba an fi rarrabe abin, domin ana kunna `ip udp-bcast-forward` sannan a cikin kowane VLAN a haɗa tasha da adireshinta. MikroTik yana da nasa ɗan aiken DHCP a `/ip dhcp-relay`, amma DHCP kaɗai yake ɗauka.

Kuɗi babu, in kana da L3. Ƙarko shi ne mafi kyau a duk hanyoyin, tunda babu wata na'ura ta daban da za ta mutu, amma da sharaɗin ka adana saitin da `copy running-config startup-config`. A inda ake ɗauke wuta sau uku a yini, saitin da ba a adana ba ba ya kai azahar. Haɗarinsa kaɗan ne, domin saƙon wuri ɗaya ya nufa, wurin da kai ka zaɓa. Iyakarsa ita ce dole a san adireshin mai karɓa, kuma mai karɓar ya kasance a farke.

Hanya ta biyu: shela mai adireshi

Kowane sabnet yana da adireshin shelarsa, na 10.10.20.0/24 shi ne 10.10.20.255. Saƙon da aka rubuta wa wannan adireshi yana tafiya daga rauta zuwa rauta kamar kowace wasiƙa, sai ya isa ƙofar sabnet ɗin sannan ya fashe ya zama shela ga kowa. Tun 1984 aka bayyana wannan a RFC 919 da 922, kuma shekaru da dama a buɗe yake a rautoci.

Abin da ya sa aka rufe shi ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙarshen shekarun 1990 aka yi ta kai wani hari mai suna Smurf: maharin yana aika ping, wato saƙon gwaji mai neman amsa, zuwa adireshin shelar wani sabnet, amma ya sa adireshin wanda yake so ya cutar a matsayin mai aikowa. Duk kwamfutocin sabnet ɗin sai su amsa wa wancan bawan Allah a lokaci guda. Saƙo ɗaya na iya haifar da amsa har 254 daga sabnet guda na /24. Cibiyar CERT ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kansa a Janairun 1998, a Agustan 1999 kuma RFC 2644 ya wajabta rautoci su zo da wannan hanya a rufe. Cisco ya mayar da ita rufaffiya tun daga IOS 12.0, tsarin aikin rautocinsa. Wanda ya buɗe ta yau ba tare da taƙaitawa ba ya maido da tsagar da aka toshe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duk da haka akwai aikin da sai ita, wato tayar da kwamfutocin da ke kashe. Saƙon tayarwar bayit 102 ne: FF sau shida, sai lambar MAC ta kwamfutar, wato lambar katin sadarwarta, sau 16. Katin sadarwar yana nan yana sauraro ko da injin a kashe yake, amma ba ya amsa tambayar ARP, wadda da ita rauta ke neman lambar MAC ta mai adireshi, don haka rauta ba shi da yadda zai kai masa wasiƙa kai-tsaye. A nan ne mutane ke ruɗewa. Ka kashe kwamfuta, ka gwada tayar da ita da adireshinta bayan minti goma, ta tashi, ka tafi gida da murna. Da safe ta ƙi. Dalili shi ne rautan Cisco yana riƙe bayanin ARP na awa 4 kafin ya manta. Gwajinka ya faɗa cikin wannan lokaci, safiya kuwa ta wuce shi. Shela ba ta buƙatar ARP, shi ya sa ita ce mafita.

```
access-list 101 permit udp host 10.10.10.20 any eq 9
interface Vlan20
 ip directed-broadcast 101
```

Wannan karon umarnin yana ɓangaren masu karɓa, akasin ɗan aike. Jerin izini mai lamba 101 ya ce kwamfuta ɗaya kaɗai, 10.10.10.20, a tasha ɗaya kaɗai, aka yarje wa. Kada ka taɓa rubuta `ip directed-broadcast` shi kaɗai ba lamba. Na fi son tasha 9 a kan 7, domin 7 tashar amsa-kuwwa ce, kuma da ita aka yi ƙanen harin Smurf mai suna Fraggle; ita 9 abin da ya shigo zubarwa take. Idan manhajar tayarwarka tana barin ka rubuta 10.10.20.255, ka gama. In 255.255.255.255 kaɗai ta sani, sai ka haɗa hanyoyin biyu: `ip helper-address 10.10.20.255` a VLAN 10 tare da `ip forward-protocol udp 9`. Jerin izinin nan shi zai tare sauran shelar da helper ɗin zai kwaso. A Juniper sunan saitin `targeted-broadcast`.

Kuɗi babu. Ƙarko yana da kyau a ɓangaren suwic, amma ɓangaren kwamfutocin yana da nasa sharuɗɗa: a kunna tayarwa a BIOS, a kashe saurin-tashi na Windows wanda yakan hana ta, kuma wasu injinan in wuta ta yanke gaba ɗaya ba sa jin kira sai an kunna su da hannu sau ɗaya. Inda ake tantance na'ura da 802.1X kafin a buɗe mata ramin suwic, sai an ƙara `authentication control-direction in`, in ba haka ba saƙon ba zai fita zuwa injin da ke kashe ba. Ka gwada da safe bayan sun kwana a kashe, tun kafin ranar da za a buƙace su. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanya ta uku: mai maimaita mDNS

Wannan don firinta, talabijin ɗin ɗakin taro, AirPlay da Chromecast ne. Adireshin 224.0.0.251 yana cikin rukunin 224.0.0.0/24 wanda aka keɓe wa cikin sabnet, rauta ba ya tsallakar da shi ko da ka kunna duk saitin saƙon ƙungiya. Sai an sami wani mai ƙafa a VLAN biyun ya ji a nan ya maimaita a can. Kayan UniFi suna da maɓalli don haka. A Linux manhajar Avahi ce, da layin `enable-reflector=yes` a cikin avahi-daemon.conf, sannan ka taƙaita ta ga VLAN ɗin da kake so da `allow-interfaces`.

Gabatarwa kawai yake yi. Waya za ta ga sunan firinta, amma aikin bugawar kansa wasiƙa ce kai-tsaye, yawanci a tasha 631, wadda sai katangar tsaro ta ba ta hanya. Haɗarinsa na sirri ne fiye da na hari: in ka maimaita ba taƙaitawa, baƙon da ya hau Wi-Fi ɗinka zai ga sunayen na'urorin ofis gaba ɗaya.

Hanya ta huɗu: wakili a cikin sabnet

Ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi, ko tsohuwar kwamfuta mai Linux, a zaune cikin sabnet ɗin. Ka aika mata umarni kai-tsaye, ita ta yi shelar daga ciki. Don tayar da kwamfutoci wannan ya wadatar, ba tare da an taɓa rauta ba. Akwai kuma ƙananan manhajoji irin udp-broadcast-relay masu kwafar shelar tasha guda daga wannan VLAN zuwa wancan. Masu BACnet tuni suka mayar da wannan dabara ƙa'ida: ana sa na'ura mai aikin BBMD guda ɗaya a kowane sabnet, su riƙa miƙa wa juna shela kai-tsaye, kowanne ya sake ta a gidansa. In BACnet ne matsalarka, nan za ka tsaya.

Rauninta ƙarko ne. Katin ajiyar Raspberry Pi ba ya jure yawan yankewar wuta, kuma irin wannan na'ura ce ake samu bayan shekara biyu a maƙale bayan akwati, wanda ya sa ta ya tafi, ba wanda ya san aikinta, wata rana a zare cajarta a sa waya. In za ka bi wannan hanya, ka jona ta a UPS, ka manna mata takarda mai bayani, ka rubuta ta cikin kundin cibiyar. Kuma na'urar da ke da ƙafa a VLAN biyu gada ce ga duk wanda ya kutsa cikinta, don haka a riƙa sabunta ta.

Hanya ta biyar: haɗe sabnet ɗin

A rushe rabon, kowa ya koma VLAN ɗaya. Duk shela za ta isa ko'ina, har da waɗanda ba ka san da su ba. A ofishi mai na'ura ashirin ko talatin, mutane kuma duk 'yan gida ɗaya, ban ga laifinsa ba. Sau da yawa rabon ne bai zama dole ba tun farko. Amma da girma ya zo, daga /24 mai ɗaukar 254 zuwa /22 mai ɗaukar 1022, kowace na'ura tana jin surutun kowa. Wi-Fi ya fi shan wahala, domin ana watsa shela ne a ƙaramin gudu don na nesa ma ya ji, sai ta cinye lokacin iska. Kebul ɗaya da wani ya jona kai da jela a suwic mara kariya zai tayar da guguwar da za ta durƙusar da cibiyar gaba ɗaya maimakon sashe guda. Kyamarori da kwamfutar akanta kuma sun koma ɗaki ɗaya da ɗalibai.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ɗan aike | Babu, in akwai L3 | Sosai | Layi ɗaya zuwa huɗu | Kaɗan |
| Shela mai adireshi | Babu, in akwai L3 | Da kyau | Matsakaici | Kaɗan da jerin izini, babba in babu |
| Mai maimaita mDNS | Babu, ko ƙaramar na'ura | Ya danganta da inda yake zaune | Matsakaici | Tonon sunayen na'urori |
| Wakili a ciki | Na'ura ga kowane sabnet | Rauni in ba UPS | Sai an san Linux | Gada ce tsakanin VLAN |
| Haɗe sabnet | Babu | Yana raguwa da girma | Mafi sauƙi | Babu rabo kwata-kwata |

Maganar kuɗi tana canzawa idan ba ka da L3. Suwic na hannu mai L3 yana samuwa a kasuwa da rangwame, amma kafin ka biya ka sa a kunna shi a gabanka ka buga `ip routing` ka ga ya karɓa, domin wasu samfuran sai da lasisi na sama suke yin aikin rauta. Tsofaffin kuma suna da jan wuta da ƙarar fanka, abin lura ga mai dogaro da inbata. Sau da yawa ƙaramin rauta mai fahimtar VLAN, a jone da suwic ɗin L2 da kake da shi, ya isa ƙaramar cibiya.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

Wanda kwamfutocinsa suka kasa samun adireshi bayan rabon VLAN, ɗan aike ne nasa, ya kuma rufe 137 da 138. Haka wanda manhajarsa ke neman saba guda a tasha sananniya, in dai manhajar ba ta da gurbin rubuta adireshin sabar da hannu; in tana da shi, ya rubuta ya huta.

Mai ɗakin kwamfuta ko cibiyar jarrabawa da ke son tayar da injina ɗari daga kujera ɗaya, shela mai adireshi tare da jerin izini mai kwamfuta ɗaya da tasha 9. In rautan ba a hannunsa yake ba, ko masu kula da tsaro sun ƙi amincewa, ya sa wakili a cikin sabnet ɗin ya jona shi a UPS.

Mai son wayoyin ma'aikata su ga firinta da talabijin ɗin ɗakin taro, mai maimaita mDNS tsakanin waɗannan VLAN biyu kaɗai, na baƙi a waje. Injiniyan gini mai BACnet, BBMD ɗaya a kowane sabnet, kada ya sa biyu domin za su riƙa ninka saƙo. Ƙaramin shago ko ofis da ya raba sabnet don ya ga manya suna yi, alhali babu baƙi babu kyamarorin da yake son killacewa, ya mayar da su VLAN ɗaya.